Saja Ya Ce Lafiyarsa Lau: Yadda Wani Tsohon Sojan Amurka Ya Kai Ga Diyyar Naƙasarsa

A watan Yuni na 2023 wani tsohon sojan ƙasa na Amurka ya shiga ofishin kula da 'yan mazan jiya na gundumarsu riƙe da ambulan guda. Ba da son ransa ya zo ba. Matarsa ce ta matsa, kuma ita ce ta tuƙo motar. A cikin ambulan ɗin akwai takardar sallamarsa daga soja, wadda kowa a can ya sani da DD-214, da wata wasiƙa ta 2016 da ya ninke gida huɗu, da kwalin maganin asma da ya jefa ciki don kada sunan maganin ya ɓace masa. An sakaya sunansa a wannan rubutu. Da muƙaminsa na ƙarshe za a kira shi, Saja, kamar yadda jami'ar ofishin ta riƙa kiransa.

Ta ce, "Saja, yaya jikin?" Ya ce, "Lafiya lau, Madam." Matarsa ta dube shi, ta kau da kai. Duk wanda ya bi fayil ɗin nan daga farko zai ga cewa wannan amsa ita ce ta fi komai jawo masa asara. Ya ba da ita a 2009, shirun da ya yi a 2016 ma ita ce, kuma ya sake maimaita ta a 2023 bayan an riga an fara gyara masa al'amura.

Abin da ke cikin fayil

Ya shiga soja a 2002, ya fita a 2009 da sallama ta mutunci. Aikinsa tuƙa manyan motocin dakon kaya cikin ayari. Sau biyu aka tura shi Iraƙi, na biyun a 2007 lokacin da Amurka ta ƙara yawan dakarunta, ya zauna a sansanin Balad da ke arewa da Bagadaza har cikin 2008. A sansanin akwai wani makeken rami da ake ƙona shara, robobi da tayoyi da batura da sharar asibiti, a zuba musu man jirgi a cinna wuta. Hayaƙin ba ya yankewa dare da rana, kuma sojojin da suka zauna can suna tuna warinsa har yau.

A wannan tafiya ce wata rana ya diro daga mota sanye da sulke mai nauyi, ya ji bayansa ya amsa. Ya je wurin ma'aikacin jinya sau ɗaya, aka ba shi ƙwayoyin rage zafi, aka rubuta layi biyu a kundin lafiyarsa. Bai sake komawa ba, domin a rundunarsu mai yawan zuwa asibiti kallon rago ake yi masa. Da lokacin sallama ya zo aka miƙo masa takardar tambayoyin lafiya, ya bi ya cike a'a daga sama har ƙasa. Ya ji an ce mai ƙorafi ana iya riƙe shi don ƙarin bincike, shi kuwa gida yake so.

Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta Amurka, wadda ake taƙaitawa VA, tana biyan diyyar wata-wata ga tsohon sojan da ya samu ciwo ko rauni a bakin aiki, ko wanda aikin ya tsananta masa ciwon da yake da shi. Ba a cire haraji a kuɗin, kuma ba sharaɗi ba ne sai a fagen daga aka ji raunin. Amma buƙatar kamar tukunya take a kan murhu, sai da duwatsu uku take zama. Dole a samu ciwon da likita ya tabbatar yana nan yanzu, da wani abu da ya faru lokacin aikin soja, da kuma hujjar da ta ɗaure na farko da na biyu. Da yawa daga cikin buƙatun da ake ƙi, a dutse na uku suke tuntsurewa.

Haka ta faru da Saja a 2016. Ya shigar da buƙata shi kaɗai ta intanet a kan abu biyu, ƙugin da yake ji a kunne da ciwon baya. An amince da na kunne, tunda direban manyan motoci a yankin yaƙi ba ya rasa hayaniya, aka ba shi matakin naƙasa na kashi 10 cikin ɗari, wanda shi ne iyakar abin da ake bayarwa a kan ƙugin kunne komai tsananinsa. Na baya kuwa aka ƙi. Wasiƙar ta yarda yana da ciwon, ta yarda an rubuta abin da ya faru a 2007, sai dai ta ce daga wannan shekara zuwa 2016 babu wata takardar likita a fayil, ga shi kuma ya shafe shekaru yana ɗaukar kaya masu nauyi a wani rumbun ajiya. Idan aka yi adalci, bisa abin da ke gaban mai yanke hukuncin a lokacin, ba a zalunce shi ba. Saja shafin farko kawai ya karanta, ya ga kalmar ƙi, ya ninke. Yana da shekara guda ya ɗaukaka ƙara, shekarar ta wuce, hukuncin ya tabbata.

Ranar farko

Jami'ar ba ta fara da ciwo ba. Fom biyu ta fara turo masa. Na farko, mai lamba 21-22, shi ne ya naɗa wakili da hukuma ta tantance, wanda hakan ya ba ta damar buɗe fayil ɗinsa ta ga duk abin da VA ke gani. Na biyu, 21-0966, sanarwar niyya ce kawai, shafi ne da ke cewa ina nan tafe da buƙata. Saja ya ce ai bai tattara komai ba tukuna. Ta ce shi ya sa.

A wannan harka kwanan wata kuɗi ne. VA ba ta lissafi daga ranar da ciwo ya fara, daga ranar da buƙata ta iso hannunta take yi. Sanarwar niyya tana kama wa mutum layi har shekara guda, in ya kammala takardunsa cikin wannan lokaci sai a biya shi tun daga ranar sanarwar. Da Saja ya nema cikin shekarar farko bayan sallamarsa, da lissafin ya fara daga washegarin ranar da ya tuɓe kaki a 2009.

Akwai kuma wani dalilin gaggawa. Ranar 10 ga Agusta 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ake kira PACT, wadda ke ɗauke da sunan Heath Robinson, wani sojan jinya daga jihar Ohayo da ya yi aiki a Iraƙi, ya rasu a 2020 sakamakon kansar huhu. Abin da dokar ta yi shi ne ta ɗauke wa sojojin da suka shaƙi hayaƙin ramukan shara nauyin dutse na uku. Wanda ya yi aiki a Iraƙi, Kuwaiti, Saudiyya, Katar, Baharain, Oman, Somaliya ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa daga 2 ga Agusta 1990, ko a ƙasashe irin su Afganistan, Jibuti, Siriya da Yaman daga 11 ga Satumba 2001, in ya kamu da ɗaya daga cikin cututtukan da aka jera, doka da kanta take ɗauka cewa aikin ne sanadi. A jerin akwai asma da aka gano bayan barin aiki, da kumburin hanci da na kogon hanci masu daɗewa, da toshewar hanyoyin numfashi, da nau'o'in kansa da dama. Wanda ya shigar da buƙata ko sanarwar niyya zuwa ranar 9 ga Agusta 2023, wa'adin da aka ƙara zuwa 14 ga watan saboda cunkoson masu nema, za a mayar masa da lissafi baya zuwa ranar da aka sa hannu a dokar.

A 2021 aka gano asmar Saja. A shekarar ne VA ta fito da ƙa'idar da ta amince da asma ga irinsu, amma sai wadda ta bayyana cikin shekara goma da barin aikin soja. Shi kuwa shekara 12 ke nan. Wani abokin aikinsa ya gaya masa jirgi ya bar shi, ya yarda, bai kuma ji cewa sabuwar dokar ta share wannan iyaka ba. Shafi ɗayan da ya sa wa hannu a watan Yuni ya tsare masa kuɗin kusan wata goma da ya riga ya wuce.

Maganar asma ba ta ba da wahala ba. DD-214 da takardun tura shi sun nuna Iraƙi, likitan huhu ya tabbatar da ciwon, kundin kantin magani ya nuna kullum sai ya shaƙi maganin hana kumburi. A jadawalin VA shan irin wannan magani a kai a kai ya isa kashi 30. Aka cike fom ɗin neman diyya, 21-526EZ, aka tura a watan Yuli.

Gina gada a kan shekara tara

Ciwon bayan ne aiki. Buƙatar da aka taɓa ƙi ba a sake shigar da ita kamar sabuwa, sai ta fom 20-0995, kuma dole a zo da hujjar da ba a gani ba a da, wadda ta taɓa ainihin dalilin ƙin. Jami'ar ta warware wasiƙar 2016, ta sa Saja ya karanta shafi na uku da ƙarfi. Ta ce, "Ka ga, ba su ce ƙarya kake yi ba. Cewa suka yi akwai rami na shekara tara, mu cike shi." Ni a ganina wannan ne mafi amfanin abin da ta yi masa a duk tsawon lamarin. Wasiƙar ƙi jerin abubuwan da suka rage ce, amma mutumin da ransa ya ɓaci ba ya karanta ta haka.

Da aka tona sai ga shi ramin bai kai yadda ake zato zurfi ba. A 2010 da 2011 Saja ya yi ta zuwa wurin wani mai gyaran ƙashin baya, yana biya daga aljihunsa domin ba shi da inshora a lokacin. Shi bai ɗauki wannan a matsayin asibiti ba, shi ya sa bai ambata ba a 2016. Matarsa ce ta zaƙulo rasidan a cikin kwalin takalmi, kuma a takardar karɓarsa ta farko an rubuta cewa ciwon ya samo asali ne tun yana soja. Muhimmancin wannan shi ne ranar da ke kan takardar ta riga ranar da ya fara aiki a rumbun ajiya.

Sai shaidar mutane. Doka ta yarda wanda ba likita ba ya faɗi abin da ya gani da idonsa, akwai ma fom na musamman don haka, 21-10210. Aka nemo wanda ya yi masa mataimakin direba a Balad. Rubutunsa na farko yabo ne zalla, Saja jarumi ne, bai taɓa gazawa ba, ya cancanci a taimake shi. Jami'ar ta mayar masa, ta ce ya bar jarumtar, ya rubuta wane wata ne, a ina suke, me ya gani, me ya canza bayan nan. Na biyun ya fito gajere. Ya ce ya ga lokacin da Saja ya diro ya dafe ƙugu, kuma daga ranar shi ya koma ɗaure kaya da kwance su domin Saja ba ya iya sunkuyawa da safe. Matar ita ma ta rubuta nata, tun daga watan da ya dawo gida yana kwana a ƙasa saboda katifa na ƙara masa ciwo.

Na ƙarshe shi ne ra'ayin likita, kuma a nan kalma ɗaya tana iya rusa komai. Likitarsa da farko ta rubuta cewa mai yiwuwa ciwon yana da alaƙa da aikin soja. "Mai yiwuwa" ba ta da nauyi a wannan sikeli, domin komai ma mai yiwuwa ne. Ma'aunin da VA ke aiki da shi shi ne ko yiwuwar alaƙar ta kai rabi, hamsin da hamsin. In hujjoji suka yi kunnen doki, dokar Amurka ta ce tsohon sojan ne ya ci. Ba a nemi likitar ta faɗi abin da ba ta yarda da shi ba. An kai mata kundin 2007 da rasidan 2010 da shaidun nan biyu, waɗanda ba ta taɓa gani ba, aka tambaye ta ra'ayinta bayan ta duba. Ta rubuta cewa yiwuwar ba ta gaza rabi ba, ta kuma bayyana dalili, wanda shi ne ke ba irin wannan takarda ƙarfi. Ra'ayin da babu dalili a bayansa, ko da babban ƙwararre ne ya sa hannu, ba ya tsayawa.

Ranar gwaji

VA takan tura mai nema wurin likitan da zai auna girman naƙasar. A ciwon baya ana amfani da ma'aunin kusurwa, a ce mutum ya sunkuya gaba a ga digiri nawa ya kai. Lafiyayye yana kai 90. Wanda ya wuce 60 amma bai wuce 85 ba yana samun kashi 10, wanda ya tsaya tsakanin 30 da 60 kashi 20, wanda bai wuce 30 ba kashi 40. Ƙa'ida ta kuma ce a tambayi mutum inda zafi ke farawa da yadda yake kasancewa a ranakun da ciwon ya motsa.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Saja ya ɓoye tasa. Ya tashi ranar da sauƙi, ya ƙara da ƙwayar rage zafi don ya iya zaman mota. Likita ya ce yaya jiki, ya ce lafiya lau. Aka ce ya sunkuya, ya cije ya kai digiri 70, alhali tun wajen 45 zafin ya kama shi. Aka tambaye shi ko ciwon yana tashi, ya ce jefi-jefi, ba wani abu ba ne. Likita abin da ya gani da abin da ya ji ya rubuta, ba shi da wani zaɓi.

Jami'ar ta amsa cewa akwai laifinta a nan. Ta waya ta gaya masa ya faɗi gaskiya, ta ɗauka ya wadatar. Amma ga mutumin da aka shekara bakwai ana koya masa cewa ƙorafi abin kunya ne, "lafiya lau" ita ce gaskiyar. Abin da ya kamata shi ne ta zaunar da shi ta tambaye shi dalla-dalla: safiya nawa a wata matarka ke saka maka safa, kwana nawa ka fasa zuwa aiki bana, minti nawa kake iya tsayuwa. Ba koya wa mutum ƙari ba ne wannan. Ƙari ma haɗari ne, domin ƙarya a irin wannan buƙata laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Abin da ake so shi ne a bayyana ranar wuya kamar yadda ake bayyana ranar sauƙi.

A watan Nuwamba 2023 wasiƙa ta iso. Asma kashi 30, an mayar da ita zuwa Agustan 2022. Baya an amince aikin soja ne sanadi, kashi 10. Kunne yana nan a 10. Jimla kashi 40.

Saja ya kira a fusace, ya ce ko ɗan firamare ya san 30 da 10 da 10 hamsin ne. Lissafin VA ba tarawa ba ne. Ana ɗaukar mutum a matsayin cikakke, ɗari bisa ɗari. Ciwo mafi girma ya ci 30, saura 70. Na biyu ya ci kashi 10 na wannan saura, wato 7, an kai 37. Na uku ya ci kashi 10 na 63 da ya rage, an kai 43. Daga nan a mayar da adadin zuwa goma mafi kusa, ya zama 40. Duk yadda mutum ya hau sama, ƙarin yana ƙara tsukewa. Da kuɗin 2024, tsohon soja shi kaɗai mai kashi 10 yana karɓar dala 171.23 a wata, mai kashi 40 kuma dala 755.28. Daga kashi 30 ake fara ƙarin iyali, don haka a makon nan jami'ar ta sa ya cike fom 21-686c na matarsa da 'ya'yansa biyu, abin da mutane da yawa ke mancewa har su yi asarar watanni.

A tsakanin nan wani kamfani da ya gani a Facebook ya yi ta kiransa, yana masa alƙawarin kashi 100, ladansa kuma ninki biyar na duk ƙarin da ya samu a wata. Irin waɗannan ba su da tantancewar VA, suna fakewa da sunan masu ba da shawara. A dokar Amurka ba a cajin tsohon soja kuɗin shirya buƙatarsa ta farko. Lauya ko wakilin da aka tantance yana iya karɓar lada ne bayan an yanke hukuncin farko, kuma kashi 20 na kuɗin ariya, wato na watannin baya da tsohon sojan ya biyo, shi ne abin da ake ɗauka daidai. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion, da ofisoshin jihohi da gundumomi, kyauta suke yi. Da ya sa musu hannu, a kan matakin da ya kai daga baya, da ya biya sama da dala 9,000 a kan aikin da aka yi masa ba ko sisi.

Tun 19 ga Fabrairu 2019, wanda bai gamsu da hukunci ba yana da hanya uku, kuma in ya bi ɗaya cikin shekara guda kwanan watansa bai faɗi ba. Zai iya neman babban jami'i ya sake duba fayil, amma a nan ba a karɓar sabuwar hujja, kuma a fayil ɗin Saja babu kuskure, 70 aka auna aka rubuta 70. Zai iya kai ƙara gaban alƙalin hukumar ɗaukaka ƙara, sai dai jira ne mai tsawo. Suka zaɓi ta uku, ƙarin hujja. Mai yi masa gashin ƙashi da motsa jiki ya riga ya auna shi sau da dama a watannin, adadin yana yawo tsakanin 50 da 55. Aka haɗa da littafin da Saja ya fara rubuta ranakun ciwo, aka tura a Fabrairun 2024. A gwaji na biyu ya tsaya inda zafi ya tsayar da shi, ya faɗa. A watan Mayu bayan ya koma kashi 20, jimla ta zama 50, matakin da ke sa mutum a rukunin farko na kulawar asibitocin VA ba tare da biyan kason magani ba.

Abin da bai zo da shi a ambulan ba

Tun a zaman farko matar ta so ta yi wata magana, ya katse ta. Sai bayan wata takwas ta samu faɗa. Ba ya barci fiye da awa uku. In suna tafiya ya hango kwali ko buhu a gefen titi sai ya karkatar da mota zuwa ɗaya hannun ba tare da ya duba ba. A gidan cin abinci ba ya zama sai bayansa na jingine da bango. Ya daina zuwa wasan 'ya'yansa a makaranta saboda taro. Sau biyu ana sauya masa sashe a wurin aiki saboda faɗa.

Saja ya ce shi ba mahaukaci ba ne, kuma ba zai karɓi kuɗin da ya kamata a ba waɗanda suka rasa ƙafa ba. Ya ƙara da cewa in kamfaninsu ya ji, aikinsa ya tafi. Jami'ar ta amsa masa biyun ƙarshe. Diyyar ba tukunya ɗaya ba ce da ake rabawa, abin da aka ba shi ba ya rage na kowa. VA kuma ba ta aika wa ma'aikata labarin ciwon mutum, kuma mai karɓar diyya yana iya ci gaba da aikinsa. Na farkon ba ta yi masa gardama ba. Ta ba shi adireshin ɗaya daga cikin cibiyoyin ba da shawara na tsofaffin sojoji, waɗanda aka kafa tun 1979 saboda 'yan mazan jiyan Biyetnam, inda ake ganin wanda ya je yaƙi kyauta kuma cikin sirri. Ta rubuta masa 988, layin gaggawa da tsohon soja ke kira ya danna 1. Da izininsa ta sake shigar da sanarwar niyya a watan Maris, ta ce ko ya yi amfani da ita ko ya bar ta ta mutu, ruwansa.

Wani zai ce ta yi sanyi, tunda ta san nan ne kaso mafi girma yake. Ni ban ga haka ba. Da ta tura shi gwajin ƙwaƙwalwa a wannan hali, da ya je ya ce lafiya lau, a rubuta babu ciwo, a sake samun wasiƙar ƙi da zai ninke gida huɗu. Ta tsare masa kwanan wata, ta bar shi ya iso da ƙafarsa.

Wata biyar yana zuwa cibiyar kafin ya dawo. Likita ya tabbatar yana da ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda ake kira PTSD. A fom 21-0781 ya rubuta abin da ya faru da motar da ke gabansa a ayari a 2007, karo na farko da ya sa shi a takarda. Ba a buƙaci ya kawo rahoton rundunar ba. Tun 2010 ƙa'ida ta ce in abin da ya firgita soja ya shafi tsoron harin abokan gaba ko 'yan ta'adda, ya kuma dace da wuri da yanayin aikinsa, kuma likitan ƙwaƙwalwa na VA ya tabbatar ya isa ya haifar da ciwon, maganar sojan kaɗai tana iya wadatarwa. Cututtukan ƙwaƙwalwa matakansu 0, 10, 30, 50, 70 da 100 ne, gwargwadon yadda suka taɓa aiki da zaman mutum da jama'a. A Nuwamban 2024 aka ba shi 50, daga watan Maris.

Lissafin ƙarshe ya nuna amfanin wahalar da aka sha a kan baya. Daga 50, asma ta kai shi 65, baya ya kai shi 72, kunne ya kai shi 75, wanda ake ɗagawa zuwa 80. Da bayan ya tsaya a kashi 10, da 72 zai ƙare, a sauke shi zuwa 70. A kuɗin 2024 mai kashi 70 shi kaɗai yana karɓar dala 1,716.28, mai 80 kuma dala 1,995.01, bambancin kusan dala 279 kowane wata, kafin a sa ƙarin iyali.

Ya tambaya ko za a iya dawo masa da shekarun 2016 zuwa 2023 na ciwon baya. Ta ce hukuncin da ya tabbata ba a warware shi sai an nuna kuskure bayyananne da ba ya karɓar musu a bisa abin da ke fayil a wancan lokaci, ko kuma a gano wasu takardun soja da ba a haɗa ba. Ta duba, babu ko ɗaya. Rasidan suna cikin kwalin takalmi a lokacin, ba a fayil ba. Shekarun nan bakwai sun tafi, haka ma bakwai ɗin da suka gabace su.

Ranar da ya zo karɓar kwafin takardunsa, har ya miƙe zai fita sai ya dafa ƙofa ya tsaya yana girgiza ƙafar hagu. Jami'ar ta ce mene ne. Ya ce ba komai, takan yi masa sanyi ne daga ƙugu zuwa yatsu in ya daɗe a zaune. Ciwon da ya samo asali daga wani ciwon da aka riga aka amince da shi, kamar jijiyar ƙafa da ƙashin baya ya danne, shi ma ana biyansa daban. Ta ce, "Tun yaushe, Saja?" Ya ce zai kai shekara uku. Ta ce ya dawo ya zauna, ta jawo wani fom 21-0966 daga aljihun tebur.